Kafin a ɗora wa katkat turbo, a fara tambayar biyel

Yau maganar wani ƙarfe muka kawo muku. Yawancin masu shiga mota ba su taɓa ganinsa da ido ba, alhali duk ranar kasuwa da shi suke isa, da shi suke komowa gida.

Shekarun nan wata magana ta cika tasha da garejin garinmu, maganar ƙarin ƙarfi. Duk mai tsohuwar katkat so yake ta yi gudun sabuwa. Wannan ya ce a buɗe mata famfon gazuwal, wancan ya ce a ɗora mata turbo. A ganinmu abin ya faro ne tun 2014, lokacin da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, samari suka yi arewa, suka ga yadda masu V6 da V8 ke haye tudun rairayi kamar suna kan kwalta. Da suka dawo sai motocin gida suka zame musu jakuna. Waya kuma ta ƙara zuga su: ga bidiyon Amurkawa da Larabawan Dubai suna haɗa injin tsere, mutum ya ɗaga wani ƙarfe mai ƙyalli ya ce wannan zai ɗauki ƙarfin doki dubu.

Mu abin har gida ya iske mu. Mu huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, muka haɗa kuɗi muka sayi Land Cruiser ta hannu mai buɗaɗɗen baya, mai injin 1HZ. Autanmu ke tuƙa ta. Aikinta kasuwannin daji ne, Sakabal, Bermo, wani lokaci har wajen Gadabeji. Ta tafi da hatsi da sukari da shayi, ta dawo da tumaki, mutane na bisa kaya. In dare ya yi aka rasa motar da za ta kai mai naƙuda likita, mu ake buga wa waya. Gidaje huɗu ke ci daga gare ta. Da ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai kamar raƙumin da ya kwana uku bai ga rijiya ba, sai muka kai ta wurin dattijon da ke mana gyara, wanda duk muke kira Baba, aka sauke injin. Daga nan gardama ta tashi, ta kai mu wata guda.

Bari mu fara da shi kansa ƙarfen, don wanda bai san shi ba. A nan biyel muke ce mata. In ka tsallaka Kano ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, ka ce kwanrod, in ba haka ba sai a tsaya ana kallonka. Duk wanda ya taɓa zama wurin tela ya ga irinta: sandar ƙarfen nan da ke haɗa matakin keken ɗinki da babbar ƙafar da ke juyawa. Tela na taka mataki sama da ƙasa, sandar na mayar da takun ya zama juyi. Haka abin yake cikin inji. Fiston na hawa da sauka, biyel na karɓar wannan hawa da sauka tana miƙa wa kiranshaf, shi kuma ya juya, juyin ya bi ta giya har ya kai taya. Tana da ƙaramin kai mai riƙe da fiston ta hanyar wani gajeren ƙarfe da ake zura musu, da babban kai mai rungume da kiranshaf. Babban kan rabe yake biyu, noti biyu ke ɗaure shi, a cikinsa kuma akwai kusine, ƴan Najeriya su ce metal. Injin 1HZ silinda shida ne, don haka biyel shida.

Wahalar da biyel ke sha iri biyu ce, kuma wanda bai raba su ba zai sayi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Ta farko dannawa ce. Faɗin fiston ɗin 1HZ milimita 94 ne. Taya mukan hura ta kilo 3 ko 4 a awon masu faci. To idan gazuwal ya kama wuta matsin cikin silinda ya kai kilo 100 a wannan awon, nauyin da ke sauka a kan fiston ɗaya kusan tan 7 ne, wato buhu 70 na kilo ɗari-ɗari. Duk a kan sandar da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Ba sau ɗaya ba kuma. In ka yi awa biyu kana tafiya inji na juyi 2500 a minti, kamar daga nan zuwa Maradi, kiranshaf ya juya sau 300,000, kowace biyel ta sha wannan duka sau 150,000. Turbo da buɗe famfo wannan dukan suke ƙara wa nauyi.

Ta biyu fizga ce, ita ce mutane ba su sani ba. Lokacin da fiston ya hau yana korar hayaƙi, babu matsin da zai tare shi a sama. So yake ya ci gaba da tafiya ya fasa kilas ya fice. Biyel ce ke fizgo shi ƙasa, kuma duk nauyin fizgar yana kan notocin nan biyu. Wannan fizga ba a hankali take ƙaruwa ba. In ka ninka juyin inji sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Daga juyi 3000 zuwa 4200 kawai, ta riga ta ninka. Shi ya sa direban da ya kafe cikin rairayi ya danne totur har ƙasa, tayoyi na watsa ƙasa inji na kururuwa, yake cutar da biyel fiye da wanda ya ɗora buhu goma kan ƙa'ida.

Masu injin tsere na isansi, waɗanda ke kai juyi 8000 ko fiye, fizgar nan ce babbar damuwarsu. Don haka suke neman biyel marar nauyi da noti mai tsada. Mu namu injin bai cika wuce 4000 ba. Damuwarmu dannawa ce, da zafi, da ƙura, da tsawon awoyi.

Kafin Baba ya kwance ko noti ɗaya na ƙasa, sai da ya juya injin da hannu yana auna yadda kowane fiston ke leƙowa saman bulok in ya kai ƙarshen hawa. A wannan injin dole ne a yi awon nan, don da shi ake zaɓen kaurin jon kilas. Biyar suka zo daidai. Na huɗu ya gaza, da abin da ido ba zai gani ba sai agogon awo. Baba ya ce, "Wagga mota ta taɓa shan ruwa gun mai ita na farko." Da aka fiddo biyel ɗin aka jera ta da ƴar uwarta, sai ga ɗan lanƙwasa a tsakiyarta.

Wannan ciwon damina ne, kuma masu bin kwarin Tarka sun san shi. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In mota ta faɗa tabki ruwa ya bi ta wurin shan iska ya shiga silinda, fiston ya hau ya iske shi, to dole wani abu ya ba da hanya, kuma biyel ce ke bayarwa. Wani lokaci ta karye nan take. Wani lokaci ta ɗan rusuna kawai, a cire injekta a fitar da ruwan, mota ta tashi, kowa ya ce Alhamdu lillahi. Sai a sayar da ita. Biyel ɗin na nan a karkace, tana cin fiston gefe guda, tana cin kusine gefe guda, tana jiran ranarta.

Nan autanmu ya samu ƙofa. Ya ce, "Yaya, tunda an riga an buɗe, kuma dole a sayi biyel, me zai hana mu yi abin gaba ɗaya? Akwai abokina a Dubai, zai samo mana masu siffar H irin na tsere, mu ɗora turbo, a buɗe famfo. Wallahi na gaji da ganin ƙurar mutane." Ya nuna mana hotuna a waya. Ƙarafa ne masu kyau, an rubuta musu 4340 a jiki.

Baba bai ce masa a'a ba. Sai ya tambaye shi, "Ɗana, gudu kake biɗa ko isa?" Auta ya ce duka biyu. Baba ya ce to zauna.

Abin da ya yi mana bayani a ranar, muka kuma bincika muka tarar haka yake, shi ne wannan. Kamfanin Toyota ya fito da 1HZ a 1990, lita 4.2, ƙarfin doki kusan 130. A wannan shekarar ya fito da ɗan uwansa mai turbo, 1HD-T, shi ma lita 4.2, faɗin silinda ɗaya, ƙarfinsa ya haura doki 160. In da ɗora turbo kawai ya isa, da sun ɗora wa 1HZ sun huta. Ba su yi haka ba. Sun sauya kilas, don 1HZ a wani ɗan ƙaramin ɗaki cikin kilas yake fara ƙona gazuwal, shi kuwa 1HD-T kai tsaye ake fesa masa a kan fiston. Sun sauya fiston. Sun ƙara kaurin gajeren ƙarfen da ke haɗa fiston da biyel, don haka biyel ɗin ma daban ce. Sun rage matsewar iska daga wajen 22 zuwa ƙasa da 19, don turbo ya samu wurin da zai tura tasa iskar. Duk wannan aikin don ƙarin doki talatin da ƴan kai. Mu kuma a ƙarƙashin rumfar kwano, da sifana da guduma, muna son ƙarin doki sittin da ƙarfe ɗaya.

Wani zai ce to a sa biyel ɗin 1HD-T mana. Ba ta shiga fiston ɗin 1HZ, ramin kanta ya fi faɗi. In ka ce a sa har da fiston ɗinta, shi kuma ba ya tafiya da kilas ɗin 1HZ. Abu na jan abu har ka wayi gari ka sayi rabin wani injin ka liƙa wa rabin wani.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A 1HZ da aka ɗora wa turbo aka cika wa gazuwal, ba biyel ce ke fara mutuwa ba. Zafi ne ke tsaga fiston, ya tsaga ƴan ɗakunan nan na cikin kilas. Mutanen Ostireliya, waɗanda su ma ƙasarsu daji ce da nisa kuma suna ƙaunar wannan injin, suna ɗora masa turbo, gaskiya ne. Amma kaɗan suke tura masa iska, su sa agogon da ke nuna zafin hayaƙi a gaban direba, in allura ta hau ya sassauta ƙafa. A nan wa ya taɓa ganin wannan agogon a tashar Dakoro? Mu agogonmu baƙin hayaƙi ne, kuma samari na ɗaukarsa alamar ƙarfi. Ai gazuwal ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke tashi sama, fiston kuma na dahuwa. Ka sa biyel ɗin da za ta ɗauki doki dubu a ƙarƙashin fiston ɗin da zai narke a doki ɗari biyu, me ka yi?

Su kansu ƙarafan tseren ba abu ɗaya ba ne, wannan ma sai da muka zauna muka fahimta. Siffar H ko siffar I yana nufin yadda jikin sandar zai bayyana in an yanka ta a tsakiya. Ta asali da ke cikin motarmu I ce, ta ƙarfen da aka buga da zafi. Manyan masu ƙera kayan tsere suna yin duka biyun, kuma duka biyun suna ɗaukar ƙarfi in ƙarfen na kirki ne, aikin na kirki ne. Lambar 4340 sunan wani haɗin ƙarfe ne mai nikel da kurom da molibdinam, ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Sai dai buga lamba a jikin ƙarfe ba wuya, mai walda ma zai iya. Akwai ta titaniyam, marar nauyi, mai tsadar gaske, irin wadda Honda ya sa wa motarsa NSX a 1990. Akwai ta alminiyam, wato dangin sanholon da ake tukunya da shi, ita ce ke cikin motocin nan na Amurka masu ƙarfin doki fiye da 10,000, masu cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Ita ce ta fi burge yara a bidiyo. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne bayan kowane gudu ɗaya ana kwance injin a duba, kuma ƙirga wa biyel ɗin gudu ake yi, in ta cika adadinta a jefar ko da ba ta nuna komai ba, don alminiyam gajiya yake yi a ɓoye. Motar da ta fi kowace ƙarfi a duniya, in ka ɗora ta kan hanyar Bermo ba za ta kai Sakabal ba.

In tsere za mu yi koyi da shi, akwai wanda ya fi kusa da mu, kuma dattawanmu sun gan shi da idonsu. Tseren Pari zuwa Dakar da Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978 ya sha ratsa ƙasar nan, ta Tenere da Agadas, har a 1997 aka yi shi daga Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. Yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yinsa. A wannan tseren akwai rukunin motocin da ba a yarda a sauya musu abu mai yawa ba, kusan yadda suka fito daga kamfani, kuma Land Cruiser ta sha lashe shi. Tseren kwanaki ne da dubban kilomita, wanda ya fasa inji rana ta uku ba a tuna cewa shi ke gaba rana ta farko. Aikin motarmu ya fi kama da wannan, sai dai mu ba jirgi mai saukar ungulu da ke bin mu a sama, ba kuma babbar motar kayan gyara a baya.

A nan ne maganar ta daina zama ta kuɗi kaɗai. Ƙasar nan ta san abin da mutuwar mota a daji ke nufi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A 2017 mutum 44 suka rasu tsakanin Agadas da Dirku, su ma motarsu ce ta mutu. Hanyoyinmu ba Tenere ba ne, akwai rugage, akwai rijiyoyi. Amma wanda ya taɓa zama gindin motar da ta mutu arewa da Tarka a watan Afrilu, rana na dukan sama da digiri 40, waya ba layi, ga tsohuwa ga goyo ga jarka ɗaya ta ruwa, ya san ba sai an je Tenere ba. Taya in ta fashe a sauya. Bel in ya tsinke a yi dabara. Biyel in ta karye, inji ya buga ke nan, ko ya kule kamar yadda masu Faransanci ke cewa, sau da yawa ma sai ta huda bulok ta leƙo waje. Babu bakanikan da zai gyara wannan a gindin ƙaya.

Da aka ajiye maganar turbo gefe, saura tambayar da ta fi wuya: wace biyel za mu saya? Nan ne kasuwa ta nuna mana halinta. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki, kayan gyara suka yi wuya. Iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na 2024, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta dawo, amma a lokacin hanyar Kwatano da muka saba da ita ba ta koma yadda take ba, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Duk abin da ya yi tsada, jabunsa na samun kasuwa. Sai ka ga kwali mai ja da fari, da sunan kamfani da lamba da komai, kuɗinsa bai kai rabin na asali ba. Mai shago ba zai yi maka ƙarya kai tsaye ba, zai ce "wannan ma tana yi". Araha dai ba ta ado.

Wani ya ba mu shawara a gasa tanƙwararriyar a miƙe ta da guduma, ya ce an sha yi. An sha yi kam. Wuta na sauya halin ƙarfe, abin da aka dafa a kamfani da awo ba a sake dafa shi da gawayi. Baba ko amsa masa bai yi ba.

Wani ya ce a sayi guda ɗaya ta kwance a haɗa da biyar ɗinmu, shi ne mafi sauƙi. Muka karɓo ɗaya daga Maradi don gwaji. Baba ya aiki yaro ya aro ƙaramin sikelin lantarki na wani mai shago, mai nuna giram, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Namu biyar suka zo kusa da juna, baƙuwar ta fi su nauyi sosai. Masu haɗa injin tsere har giram ɗaya suke bi, su goge nan su goge can sai shidan sun zama tamkar tagwaye. Namu injin bai bukatar wannan tsanani, amma ba ya son bare a cikin dangi, don abin da ya fi nauyi ya fi fizga, inji ya riƙa rawa, kusine ya riƙa ci. Wannan ɗaya ne daga abubuwan da ya kamata mu ɗauka daga masu tsere, kuma ba ya cin ko dala: awo. Su ba sa ɗaura komai sai sun auna shi.

Aka mayar da ita. Daga nan muka nemi shida da suka fito daga inji ɗaya. Saiti na farko da aka kawo, Baba ya juya babban kan ɗaya ya nuna mana wani shuɗi-shuɗi a jikin ƙarfen. Ya ce wagga ta taɓa rasa mai, kusine ya kama ya juya a ciki, zafi ya ƙona ta, ramin ba zai zama da'ira ba kuma. A wata kuma lambar da ke jikin murfin ba ta yi daidai da ta jikin sandar ba. Murfi da sanda tare ake huda su a kamfani, kowace da nata, ba a aure tsakaninsu. Masu kwance inji a manyan kasuwanni kan zuba su wuri ɗaya, yaro ya ɗauki wanda hannunsa ya kai ya ɗaura. Saiti na biyu ne ya tsallake, bayan an kai shi wurin masu yankan ƙarfe a Maradi sun duba miƙewarsa da zagayen raminsa.

Sai noti. In akwai wurin da muke roƙon masu motoci su daina rowa, nan ne. Notin biyel ba a ɗaure shi don ya tsaya kawai, ana jan sa ne har ya ɗan miƙe kamar roba, wannan miƙewar ce ke riƙe murfin. Littafin gyaran Toyota ya ce a ɗaure shi da sifana mai ma'auni, sannan a ƙara masa kwatan juyi, kuma kafin a sake amfani da tsoho a auna kaurinsa, in ya sirance a jefar. A garejinmu nawa ake yin haka? Abin da aka saba shi ne yaro ya zura bututu a hannun sifana ya ja har sai patiro ya ce ya isa. Wanda bai ɗauru ba zai saki, wanda ya wuce kima zai tsinke, kuma duka biyun ƙarshensu rami ne a jikin bulok. Mun sayi sababbi goma sha biyu na asali. Kuɗinsu ya yi mana zafi, ba mu ɓoye ba.

Kusine ma sabo muka sa. Tsakaninsa da kiranshaf akwai ɗan sarari kamar kaurin silin gashin kai, baƙin mai ke cika shi, a kan wannan man ne tan bakwai ɗin nan ke sauka ba a kan ƙarfe ba. Mafi yawan biyel da ke karyewa daga nan ciwonsu ke farawa. Ƙurar hunturu ta bi ta tsagaggen filta, ko man da aka sayo a kwalba bakin hanya, ko bidanjin da aka ɗaga sati uku don kasuwa ta yi kyau. Kusine ya cinye, a fara jin ƙwanƙwasa, direba ya ƙara sautin rediyo. Ranar da ta fasa sai a ce biyel ɗin ba ta da kyau.

Kuɗin da auta ya so a sa a turbo, radiyata suka tafi da sabon gidan filtar iska da ƙaramin injin hura taya. Wannan na ƙarshe shawarar Baba ce. Ya ce tsofaffin direbobin da suka bi hanyoyin nan da motocin da ba su kai tamu ƙarfi ba, sirrinsu sassauta iskar taya ne kafin a shiga rairayi, a sa ƙaramar giya, a bar mota ta tafi da numfashinta. Yaran yanzu ba sa son sassautawa don ba su da abin mayar da iskar in sun fito, sai su nemi inji ya biya bashin taya.

Kada wanda ya ji mu ya ɗauka auta ba shi da hujja. Yana da ita, kuma har yau ba mu iya rushe ta ba. Shi ke kan hanya, ba mu ba. Ya ce mai V8 na barin tasha bayansa ya riga shi isa kasuwa, ya kwashe fasinjan dawowa da dabbobin da suka fi biya, shi ya zo ya tarar da saura. Ya ce daren da ya ɗauko mai naƙuda daga ruga, duk mintin da motar ta ɓata tana nishi a kan tudu ji yake kamar a wuyansa. Wanda bai riƙe sitiyari a irin wannan daren ba kada ya yi saurin ce masa yaro ne mai son gudu. Ƙarfi abin bukata ne a ƙasar rairayi. Inda muka saɓa da shi kawai shi ne hanyar samunsa. Mu mun tsaya a kan cewa wanda ke son ƙarfin 1HD-T ya sayi 1HD-T sukutum, da famfonsa da turbonsa da fiston ɗinsa da biyel ɗin da aka ƙera domin su, kada ya tilasta wa injin da ba a yi don haka ba.

Motar ta koma hanya. Baba ya hana a cika mata kaya sai ta yi kilomita dubu an sauya mai, abin da ya ci mana kasuwa biyu, auta na ta ƙunƙuni. Mai V8 har yanzu yana wuce shi kafin Sakabal, yana masa oda. Shi kuma ya buɗe asusu wurin babban yayanmu, duk dawowa yana ajiye jikka biyu ko uku, ya ce na 1HD-T ne, irin waɗanda ake kwancewa a Sharja. Da ya gaya wa Baba, Baba ya ce to madalla, amma ran da injin ya iso kada a ɗora shi sai an kawo masa ya buɗe ƙasansa, don na farko-farkon wannan samfurin an san su da cin kusinen biyel.